Kawu da Dodanninsa na Roba

Ranar Talata Kawu ya rasu, Laraba aka kai shi makwancinsa, kafin Alhamis ta yi an gama mayar da shi wani mutum dabam. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, ba ni da ja a kan wannan. Inda nake da ja shi ne shaidar da aka yini ana yi masa a gidana na Ardwick, nan Manchester, inda muka yi zaman makoki saboda flat ɗinsa na Gorton ko mutum biyar ba ya ɗauka.

Wani injiniya ya gyara zaman hularsa ya ce, "Allahu akbar, Malam ke nan. Bawan Allah ne da bai san wasa ba. Daga gida sai masallaci." Daga ɓangaren mata wata Hajiya ta karɓe, ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin sautin dariyarsa ba, don tsabar kamun kai. Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, saura ƙiris in sake shi ƙasa. Kawun nawa? Mutumin da maƙwabciyarsa ta ƙasa take dukan silin da sanda saboda dariyarsa? Amma ni 'yar ƙanwarsa ce, ga manya a zaune, sai na ce amin, na ci gaba da raba shayi.

Ba na cewa ƙarya suka shirya. Ba su san shi ba ne, kuma ba su taɓa neman sani ba. Sama da shekara talatin yana garin nan, amma cikin masu jan carbin nan waɗanda suka taɓa hawa matakalarsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shi ba likita ba, shi ba farfesa ba. Karatu ya kawo shi Manchester, karatun ya ƙi, ya ƙare yana jera littattafai a laburaren unguwa. A wurin suna ko ɗaurin aure can baya yake zama, kusa da takalma. Yanzu da ya mutu kowa ya samu abin faɗa.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Turawa ne su uku: wani tsoho da ya ɗaure furfurarsa ta ƙeya, wata dattijuwa mai dogara sanda, da wani ƙato da ƙofar ta kusa yi masa kaɗan. Kowannensu da baƙar riga mai hoton dodo yana aman wuta. Tsohon yana rungume da takobin roba irin na wasan yara, an rubuce jikinsa kaf da sa hannun mutane.  Suka cire takalma ba tare da an ce musu ba. Tsohon ya tsaya a tsakiya, idonsa jawur, ya buɗe baki da Hausarsa mai tsami ya ce, "Allah ya jiƙan maza."

Wani ɗalibi ya ƙunshe dariya. Liman, Allah ya saka masa da alheri, ya ce amin, ya matsa musu wuri. Sauran kuwa kowa ya shiga kallon kafet.

Yaya ne ya karɓi takobin, da yatsa biyu. Yaya shi ne ɗan Kawu tilo, likita ne a Birmingham. A al'ada taubashina ne, amma tun da ya fara ɗaura nakatayel wasa ya mutu tsakaninmu. Ya yafito ni kicin, ya cusa takobin bayan firji.

"Kin gani ko? Kin ga abin da Baba ya jawo mana, har a zaman makokinsa?"

"Ta'aziyya suka zo, Yaya. Tun daga Birmingham fa."

"Na san daga inda suka taso. Saurara. Council masu gidan na son keys ƙarshen wata. Ranar Asabar za mu kwashe flat ɗin. Kayan sawa sadaka, littattafan addini masallaci. Kaset ɗin nan kuwa, duka bola."

"Duka?"

"Ko ɗaya ba za a bari ba."

Muryar Kawu ce fa a cikin kaset ɗin nan, kuma ba mu da ita a ko'ina. Bai yarda da wayar zamani ba, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba, a bidiyon bukukuwa ma mai ɗauka ba ya kaiwa layin baya. In kaset ɗin suka tafi, ta tafi ke nan.

Ga wanda bai san Kawu ba, kuma na ga alama ku ne mafi yawa, ga yadda abin yake. Tun yana yaro a Kano yake satar hanya zuwa silima, ya sha bulala a kai har bayansa ya saba. Da ya zo ƙasar nan sai ya faɗa wa wani irin fim, na takobi da tsafi, irin waɗanda aka yi su da kuɗin cefane. Jarumi ƙato, ƙirji a waje an shafe shi da mai kamar za a gasa shi, ɗan banten fata, takobi ya fi shi tsawo. Mugun boka ya sace gimbiya. Dodo yana gadin kogo. Labarin ke nan, ko guda ɗari ka kalla. Kasuwar Gorton yake zuwa ya tsugunna gaban kwalayen tsofaffin kaset da masu su ke neman kai da su, yana zaɓe kamar mai sayen tumatir, sai dai shi ruɓaɓɓen yake nema. In ya kai gida ya ga fim ya yi kyau, mayar da shi yake yi.

Kallon ma ba shi ne aikin ba. Yana da wata tsohuwar na'urar bidiyo mai wurin sa makirfo. Sai ya liƙe ɗan ramin gefen kaset da salatif don ya karɓi ɗauka, ya danne Turancin, ya ɗora muryarsa da Hausa. Shi ne jarumi, shi ne boka, shi ne gimbiya da siririyar murya, har haniniyar doki shi ne. Bai damu da abin da suke cewa ba, nasa labarin yake bayarwa. Jarumin kowane fim sunansa Ɗan Mai, saboda man da aka shafe shi da shi. Boka kuwa Na-Agogo, saboda a wani fim an manta ba a cire wa bokan agogon hannu ba. Boka zai ɗaga hannu sama yana kiran aljanu, sai ka ji Kawu: "Ku fito da sauri, 'yan uwa, ƙarfe uku zan ɗauko yara daga makaranta." Dodo zai wage baki, ga zaren da ke jan haɓarsa kowa na gani, sai Kawu ya sa shi ya ce, "Wallahi ni ma ba da son raina ba, agency ce ta turo ni." In kuma aka sare wani sojan boka, wanda sau tari mutum ɗaya ne ake kashewa sau uku da hula daban-daban, sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Allah ya jiƙan maza."

Ni a ɗakin kaset ɗin nan na yi shekara biyu. Na zo uni yin masters, wata shida kacal scholarship ɗina ya tsaya cak, mai gidan haya ya fito min da akwati waje. Na kira mutum uku masu manyan gidaje, kowa ya ce zai duba. Har yau suna dubawa. Kawu bai ce zai duba ba. Bas biyu ya hau, ya zo ya ɗora akwatin a ka, a ka fa, a tsakiyar Manchester, Turawa na kallo. Lokacin yana Hulme, a flat mai ɗaki biyu. Ya buɗe min na biyun, kanta daga ƙasa har silin cike da kaset, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri da maƙwabtanki. Suna da yawa, amma ba sa minshari."

Satin farko kuka na yini ina yi. Bai lallashe ni ba, Kawu bai iya lallashi ba. Ya dafa taliya da manja, ya ajiye min, ya sa kaset. Kafin Ɗan Mai ya gama hawa doki, wanda sau uku yana zamewa, na ƙware da taliya saboda dariya. Da na samu numfashi na ce, "Haba Kawu, me kake gani a wannan shirmen?"

Ya tsayar da hoton. "Mene ne a kafaɗar sarkin nan?"

"Alkyabba mana."

"Ƙara dubawa, Hajiyar uni."

Na matsa kusa. Labule ne, har zobban ratayewa suna nan a wuyansa.

"To kin gani. Mutanen nan ba su da ko sisi. Wani ya ciro labulen uwarsa, wani ya aro dokin maƙwabci, suka fita bayan gari cikin sanyi, ƙato ya tuɓe riga yana karkarwa, suka ce mu fa sai mun yi fim. Kuma suka yi. Masu kuɗi in sun yi miki ƙarya ba kya ganin ɗinkin. Waɗannan kuwa ga zaren nan a fili, ba su ɓoye miki komai ba. Ni mutanena ke nan." Ya miƙo min ruwa. "Ke ma da labule za ki gama karatun nan, in sha Allahu." Na kuwa gama, da aikin kula da tsofaffi da taliyar Kawu.

Turawan nan uku kuwa, daga wata ƙungiya suke ta masu irin ciwonsa. Asabar ɗin farko ta kowane wata Kawu zai hau coach, bas ɗin dogon zango, zuwa Birmingham, wani ɗaki a saman shagon kifi da dankali. Sau ɗaya na raka shi. Tsofaffin direbobin bas ne, da masu aikin gidan waya, da wasu da ba ka san me suke yi ba, su kusan talatin, sun haddace finafinan nan kamar karatu. In kwalin da aka yi dutse da shi ya motsa sai su yi tafi. Can sai tsohon nan mai ɗaure furfura ya kashe sautin ya miƙa wa Kawu makirfo. Rabi Turanci rabi Hausa yake yi musu, rabin ba sa ji, amma suna riƙe ciki. Duk sojan da ya faɗi kuwa, ɗakin gaba ɗaya ne ke amsawa da addu'ar Kawu. A nan na ga an miƙe tsaye saboda Kawu ya shigo. A wurin namu ban taɓa gani ba.

Sai shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu suka zo. Aka kira su Kawu meeting a laburare, wani mai kwat ya ce babu kuɗi, za a rufe. Bayan 'yan watanni aka buɗe wani ɗan lungu a madadinsa, aka rubuto wa Kawu wai ko zai so ya zo ya taimaka a matsayin volunteer. Aikin da ya yi shekara ashirin yana yi, wai ya dawo ya yi shi kyauta. Na ce, "Kawu, wallahi in ka je ban yafe ba." Ya je. Ya ce tsofaffin da ke zuwa shan ɗumi ba su ne suka kore shi ba.

Da na yi aure na bar ɗakin, sai ga wata takarda daga council, wai yana da spare bedroom, ko a rage masa tallafi ko ya koma ƙaramin wuri. Ɗakin da ko allura ba ta da wurin faɗuwa, shi ne spare! Haka ya koma Gorton, ɗaki ɗaya. Ya ba da gadonsa da kabad ɗinsa sadaka don kaset su samu wuri, shi ya koma katifa a ƙasa. Ranar ƙaura na zage council tas, har maigidana yana ce min in yi a hankali tagogi a buɗe suke. Kawu yana naɗe wayar bidiyo ya ce, "Rabu da su, 'yata. Su ma zare ke jan haɓarsu, sai dai nasu ba a gani."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci sosai ba sai sau ɗaya, a gidan Yaya. Jikokin Kawu biyu ba sa jin Hausa, in ya gaishe su sai su dubi uwarsu. Abin yana cin sa. Wani hutu muka je tare, ya ɗauko bidiyonsa a jaka ya haɗa musu a falo. Kafin a yi rabin fim yaran nan suna birgima a kafet, ƙaramar tana ta maimaita, "Ɗan Mai, doki ya gudu!" Hausarta ta farko ke nan da na ji. Sai ga Yaya ya dawo daga aiki. Ko jakarsa bai ajiye ba ya zare waya daga bango.

"Baba, a gidana? Tsafi da mata rabin tsirara, a gaban yara?"

"Wuraren matan duk na goge su, kai ma ka sani. Tsafin kuma na kwali ne. Kai da kake likita, dubi bokan nan da kyau, agogo ne a hannunsa."

"It's not funny, Baba. Ka san me ake kirana a masallaci? Ɗan mai silima. Mutum da furfurarsa yana bin Turawa saman shago yana kukan doki. Ka tausaya min mana."

Kawu ya dube shi. Ya durƙusa da kansa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya naɗe wayoyinsa. Ya ce, "Na tausaya maka." Daga ranar, duk wata yana shiga Birmingham, amma bai ƙara kwana a gidan ba. Sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙa wa yara alawa ya juya.

Kada a ce na zalunci Yaya. Da ciwon zuciya ya kama Kawu, yana ta jiran layin ganin GP, likitan unguwa, masu zuwa duba shi a gida kuma ba sa daɗewa har shayi ya huce, Yaya ne ke tuƙo mota bayan ya tashi aiki ya kawo magani. Shi ya yi masa wankan gawa da hannunsa. Maigidana ya ce a maƙabarta sai da aka riƙe Yaya. Yana son ubansa. Kunyar ubansa kuma yake ji, kuma ya kasa raba biyun.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a Gorton, ni da maigidana da Yaya. Flat ɗin yana nan da warin man zafi da turarensa. Yaya ya zo da baƙaƙen ledoji, ya warware su a ƙasa. Na yi ta maza na ce, "Yaya, ka bar min ko goma. Muryarsa ce fa a ciki."

"Shi ya sa ma." Ya juyo, ga hawaye a idonsa, wallahi ba na ƙarya ba. "Ke ba ki gane ba? Duk wanda ya kalli abin nan ya yi dariya, Baba za a rubuta wa. Yana kabari ba zai iya tuba ba, mu ne za mu tsayar masa da shi. Sadaka mai gudana ake bar wa mamaci, ke kina so ki bar masa zunubi mai gudana?"

"Liman bai ce haka ba. Cewa ya yi mu yawaita masa addu'a."

"Liman bai ga abin da ke ciki ba. Ki faɗa min gaskiya, Kawunki kike so ko kaset?"

Na dubi maigidana. Ya sunkuyar da kai yana karanta bayan wani kwali, wai shi ba ya shiga maganar dangi. Ina da amsa, amsoshi ma. Ina so in ce wace dariya ce zunubi, ta yarinyar da aka fitar wa akwati waje ko ta jikar da ta koyi sunan doki? Ina so in ce tsoron kabarin Baba ne ko tsoron bakin masallaci? Amma gado nasa ne, uba nasa ne, ni 'yar ƙanwa ce. Kuma ya jefa min tsoro a zuciya, ba zan ɓoye ba: in fa gaskiyarsa ce?  Ni da kowa ya sani da baki, na yi shiru.

Da hannuna na cika ledojin. Kowane kaset da rubutun Kawu a gefe: Ɗan Mai da Surukarsa, Na-Agogo Ya Makara, Dodo Ya Nemi Hutu. Sau huɗu muka cika mota. A wurin zubar da tarkace wani mai rigar ruwan ɗorawa ya nuna mana babban akwatin ƙarfen da za mu zuba, bidiyon kuma ya ce can wurin kayan lantarki. Yaya yana jefawa yana istigfari. Ni ina jefawa ina jin ƙarar fashewarsu.

Wata uku ban yi wa Yaya magana ba. Na ɗora masa laifin duka, na ɗora wa masu carbi, na ɗora wa council, kuma har gobe ban sauke musu ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wata ƙaramar jakar takardu da Yaya ya bar min in tantance, saboda shi ba shi da lokaci. Sai bayan arba'in na iya buɗe ta. Tsohon fasfo, takardar shiga uni da ta yi ja, hoton mahaifiyata tana budurwa. A can ƙasa, naɗe cikin hula, kaset guda. A gefensa an rubuta: Na 'yata.

 Ba ni da abin kunna shi, na Kawu yana bola. Na nemo lambar tsohon Baturen nan a takardar da ya bari ranar ta'aziyya, ya ce in zo, yana da bidiyo har uku. Ranar hutuna na hau coach ɗin da Kawu ke hawa. Ya kai ni ɗakin saman shagon, babu kowa sai kujeru a jere da warin soyayyen kifi. Ya sa kaset ɗin, ya koma gefe ya zauna.

Hoto ya yi rawa ya daidaita. Ga wani ƙato a kan doki. Sai gyaran murya, irin na Kawu, sau biyu.

"Bismillahi. To, 'yata, wannan naki ne. Yau masu neman aurenki za su zo. Ni ba ni da gado da kujeru da zan kai miki, kin san aljihun Kawunki. Ga gudummawata. Ki tafi da shi ɗakinki, duk ranar da mijin ya ɓata miki rai, ko kewa ta taso, ki sa ki yi dariya. Na zaɓo miki mafi muni a cikinsu, ban taɓa nuna wa kowa ba. Yauwa. Ga Ɗan Mai nan ya fito neman aure, bai ko yi wanka ba..."

Ina dariya ina kuka, har tsohon ya miƙo min hankici. Ɗan Mai ya isa ƙofar gari, mai gadi ya tare shi, Kawu ya fara muryar mai gadin. Sai na ji ƙarar buɗe ƙofa a cikin kaset ɗin, da takun takalmi mai tsini. Sai muryar mace, sama-sama, cike da tsiwa.

"Haba Kawu! Yau ma? Yau ɗin ma? Mutanen nan fa manyan mutane ne, sun kusa isowa. Don girman Allah ka kashe shirmen nan, ka rufe ɗakin can da makulli. Kar ka kunyata ni a gabansu."

Muryata ce. Na manta da ranar sam, wallahi na manta, abin da na riƙe kawai shi ne girkin da na yi da lallen da ke hannuna. A kaset ɗin ana jin numfashinsa a jikin makirfo. Sannan ya ce, a hankali, ba da muryar boka ko ta dodo ba, da tasa:

"To, 'yata. Ba zan kunyata ki ba."

Ƙit. Daga nan sai Turanci, ƙaton yana ta surutunsa har ƙarshen fim. Bai ƙarasa ba, bai kuma ba ni ba, bai taɓa tayar min da maganar ba. Shekara biyar ina kai masa miya duk Juma'a, yana tsokanata ina tsokanarsa, kaset ɗin yana cikin hula.

Tsohon ya ga yadda na yi, ya tambaye ni a hankali me Kawu ya ce a ƙarshe. Na kasa fassara masa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ka san abin da ke cikin ledojin nan fiye da ni da Yaya. Ka yafe masa, Ka yalwata masa fiye da yadda aka ƙuntata masa a nan, Ka sa ya yafe mana. Wanda ya karanta wannan kuma, in ya san Kawu ko bai san shi ba, ya yi masa fatiha, ya kuma sani cewa mutum ne mai dariya.

Kaset ɗin yana wurina. Na auna da agogo: minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Iyakar abin da ya rage na muryar Kawu a duniya ke nan, kuma ni ce na katse ta.